Ƙwayar da ke ajiye haske: matsalar awo a gashin ciwon daji da furoton da kabon

Wanda ya taɓa zuwa ɗaukar hoton ƙirji a babban asibiti, in mai lura ne, ya ga wata 'yar batta ta roba maƙale a gaban rigar ma'aikacin ɗakin hoto, ba ta kai kwalin ashana ba. A cikinta akwai 'yan ƙwayoyin kiristal farare, kamar gutsuren gishiri. Ba su da batir, ba su da waya, ba sa ƙara. Aikinsu kawai su yi shiru suna tara duk radiyeshin da ya ratsa su. Bayan 'yan watanni a kai su ɗakin gwaji a gasa, su kuma su amayo abin da suka tara a matsayin haske. Yawan hasken shi ke nuna yawan abin da ma'aikacin ya sha.

Irin waɗannan ƙwayoyin ne ake ɗauka a sa a gaban na'urorin da suka fi kowace na'urar gashin ciwon daji tsada a duniya, masu harba furoton (ƙwaya mai caji da ke tsakiyar atam) ko ƙwayar kabon. A nan ne kuma amintacciyar ƙwayar take fara rage mudu, kuma a daidai wurin da aka fi buƙatar ta faɗi gaskiya.

Sai mun fara da ma'aunin kansa. Ana auna radiyeshin da jiki ya sha da gire, sunan da aka ɗauko daga masanin Ingila Louis Harold Gray. Gire ɗaya shi ne makamashin jul ɗaya a cikin kilo ɗaya na nama. A gashin da aka saba, mara lafiya kan karɓi kamar gire 2 a rana, a tara masa 60 zuwa 70 cikin makonni shida ko bakwai. In aka mayar da wannan zuwa zafi abin dariya ne: gire ɗaya yana ɗumama ruwa da digiri 0.00024 kacal, gaba ɗaya gire 70 ɗin ba su kai kashi 2 cikin 100 na digiri ɗaya ba. Kurɓin shayi ɗaya ya fi shi ɗumama mutum. Amma wannan ɗan makamashin yana tsinka zaren gado, wato DNA, da ke cikin ƙwayar halitta, shi ya sa yake kashe ƙari, shi ya sa kuma yake iya lalata lakar baya in ya kauce. Tun shekarun 1970 masana suka tsaya a kan cewa bai kamata abin da aka bai wa mara lafiya ya kauce wa abin da likita ya rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100 ba. In ya gaza, ƙarin ya dawo. In ya zarce, lafiyayyen nama ya ƙone.

Hasken ekisire da na'urorin gashi na yau da kullum ke fitarwa yana zuba mafi yawan ƙarfinsa a kusa da fata, santimita ɗaya da rabi zuwa uku, ya riƙa raguwa yana shiga, ya ratsa ƙarin, ya fita ta ɗaya gefen jiki. Furoton ba haka yake ba. Kwatanta shi da mai rabon kuɗi a kan babur cikin kasuwa. Yana cikin gudu, ɗai-ɗai ne ke samun fizgar wani abu. Kowace fizga tana rage masa gudu, raguwar gudun kuma tana ba ƙarin mutane damar kai hannu, har ya zo inda zai tsaya cak a wawashe jakar gaba ɗaya. Wanda ke tsaye taku biyu gaba ko sisi ba zai gani ba. Wannan wurin wawason shi ake kira ƙololuwar Bragg, da sunan William Henry Bragg, wanda ya bayyana shi a 1904 yana jami'ar Adelaide ta Ostireliya, yana bin sawun ƙwayoyin alfa da ke fita daga rediyom.

A 1946 Robert Wilson ya rubuta cewa za a iya saita wannan ƙololuwa ta faɗa cikin ƙari. An fara gwadawa a jikin mutum a Berkeley ta Kalifoniya a 1954, cibiya ta farko da aka gina a cikin asibiti a Amurka kuma ita ce ta Loma Linda a 1990. Japan ta fara da kabon a Chiba a 1994, Jamus ta bi a Darmstadt a 1997, daga baya Heidelberg a 2009. A nahiyarmu, cibiyar da yanzu ake kira iThemba kusa da Cape Town ta fara gashi da furoton a 1993. Zurfin da ƙwayar za ta kai ya danganta da ƙarfin da aka harba ta: furoton mai MeV 200 (MeV shi ne ma'aunin wannan ƙarfi) yana tsayawa a kusan santimita 26 cikin ruwa, na gashin ido mai MeV 60 zuwa 70 kuwa a wajen santimita uku zuwa huɗu. Da yake ƙari yana da kauri, ana jera ƙololuwa da yawa a zurfi daban-daban har su lulluɓe shi.

Babban ma'auni a duk waɗannan cibiyoyi shi ne ɗan kurtun iska mai ƙirga caji. Radiyeshin ya ratsa iskar da ke ciki, ya ɓalle ilektaron daga atam, na'ura ta ƙirga cajin. Da shi ake saita injin, bisa ƙa'idar da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a 2000. To me ya kawo ƙwayar kiristal? Kurtun yana jan waya, yana buƙatar wutar ɗaruruwan bolt, kuma wuri ɗaya yake aunawa a lokaci guda. Ba a liƙa shi a fatar ido, ba a zuba hamsin a cikin mutum-mutumin gwaji, ba a sa shi a ambulan a aika wata ƙasa. Ƙwayar litiyom fuloraid da aka fi amfani da ita kuwa faɗinta milimita 3.2 ne kowane gefe, kaurinta 0.9. Ta fi ƙwayar wake ƙanƙanta.

Yadda take aiki tsohon sirri ne. A 1663 Robert Boyle ya ba ƙungiyar masana ta Landan labarin wani lu'ulu'u da ya shiga da shi gado cikin duhu, ya manna shi a jikinsa, ya ga yana ɗan ƙyalli da ya ji ɗumi. Kusan shekara 300 bayan haka, Farrington Daniels na jami'ar Wisconsin ya ga za a iya mayar da wannan ɗabi'a ma'auni, John Cameron kuma ya kai ta asibiti a shekarun 1960. Abin da ke faruwa shi ne, kiristal jeri ne na atam a tsare, amma da gangan ake zuba masa ɗan gurɓi, kamar maganiziyom da titaniyom, don su ɓata tsarin a wasu wurare. Waɗannan wuraren su ne tarko. Radiyeshin ya shigo ya ɓalle ilektaron, wasu su faɗa tarkon su maƙale, suna iya yin watanni a ciki. In aka ɗora ƙwayar a kan ƙarfe mai zafi, ko aka hura mata iskar naitirojin mai zafi, sai ilektaron su kuɓuce su koma mazauninsu, kowanne ya saki ɗigon haske. Tarkuna marasa zurfi su ke fara saki, babban tarkon da ake dogara da shi yana buɗewa a wajen digiri 200, masu zurfi sai an ƙara wuta. In aka zana yawan haske da hauhawar zafi, sai ka ga tuddai a jere. Riƙe wannan zanen, za mu dawo kansa.

Aikin yana son tsabta irin ta mai haɗa magani. Ba a taɓa ƙwayar da hannu, don maiƙon yatsa ko ƙura ma suna ƙyalli in sun ji wuta, su ƙara ƙarya a kan lissafi. Da ɗan bututu mai zuƙa ake ɗaukarta. Kafin amfani a gasa ta awa ɗaya a digiri 400, sannan awa biyu a 100, don a share tsohon labari. Kowace ƙwaya tana da lambarta da nata gejin, domin 'yan uwa biyu daga tukunya ɗaya ba sa haske daidai. Kuma karatu ɗaya ne: ka gasa, ka share. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar karatu, shi ke nan.

Wannan ne ya sa wani dangi ya samu karɓuwa, wanda ake tayarwa da haske maimakon zafi. Alminiyom oksaid ne mai ɗigon kabon, wato jinsin yaƙutu. A yankin Ural na Rasha aka fara sarrafa shi, aka kammala dabarar karanta shi da haske a jami'ar jihar Oklahoma, inda Stephen McKeever da Mark Akselrod suka yi aiki a kai. Ana haska masa kore, ya mayar da shuɗi. Haskawa ɗaya kaɗan take kwashewa daga tarkon, don haka ana iya sake karantawa in an yi shakka. Aibinsa shi ne dole ya zauna cikin baƙar batta, in ya ga hasken ɗaki ya fara zubar da ajiya. Akwai kuma gilashi mai ɗigon azurfa da Japanawa suka ƙware a kai, wanda ke ba da haske ruwan lemo in aka haska masa hasken da ya wuce shuɗi, shi karanta shi ma ba ya share komai.

Duk waɗannan ana saita su ne a gaban kobalt-60, wani ƙarfe mai fitar da radiyeshin, ko na'urar ekisire: gire kaza, haske kaza. Muddin irin wannan radiyeshin za a auna, lissafi ya zauna. Matsalar tana tasowa ne saboda gire bai faɗi yadda aka raba makamashin ba, jimilla kawai ya faɗa.

Jera ƙore ɗari a tsakar gida. In aka yi yayyafi, kowace ƙwarya za ta samu ɗan ruwa, in ka haɗa ka auna za ka san ruwan da ya sauka. Yanzu a ce daidai wannan ruwan ne, amma gaba ɗaya ta indararo ya zubo a kan ƙore uku. Ukun su cika su tumbatsa, sauran ya bi ƙasa, casa'in da bakwai suna nan a bushe. Ka auna abin da ka tara ka ce ruwa kaɗan aka yi, alhali ba haka ba ne. Ekisire yayyafi ne. Kabon indararo ne. Ƙwayar kabon tana ratsa kiristal a kan siririn layi, a 'yan nanomita (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita) da ke kewaye da layin adadin yakan kai gire miliyan, nesa kaɗan kuma ya faɗi warwas. Tarkunan da ke kan layin sun cika tun da wuri, rarar makamashin ta tafi a zafi ko a wasu hanyoyin da ba sa ba da haske. Robert Katz ya shimfiɗa wannan bayani na tsarin sawun ƙwaya tun shekarun 1960, kuma har yau a kansa ake gini.

Ma'aunin wannan cunkoso shi masana ke kira LET, wato makamashin da ƙwaya ke zubarwa a kowane maikiromita (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) na tafiyarta. Da ma'aunin da suke amfani da shi, na kobalt bai wuce 0.3 ba. Furoton mai ƙarfi yana shiga jiki da kamar 0.5, ya haura zuwa wajen 10 ko fiye a ƙarshen tafiyarsa. Kabon tun daga bakin ƙofa ya kai 10 da 'yan kai, a ƙololuwa ya zarce 100. Da haka kake ganin inda gizo ke saƙa: cunkoson yana ƙaruwa ne da zurfi, ya fi tsanani a cikin ƙarin da bakin iyakarsa ta baya. A ƙololuwar kabon hasken da kiristal ke bayarwa kan sauka zuwa rabin abin da ya kamata, wani lokaci ƙasa da haka. Wanda ya karanta shi da gejin kobalt zai ce an ba mara lafiya rabin magani, alhali an ba shi cikakke.

Kowane kiristal da halinsa, kuma halin yana bin yadda yake cika. Tsohon litiyom fuloraid mai maganiziyom da titaniyom yana da wata ɗabi'a: in adadi ya wuce gire ɗaya, haskensa kan ɗan zarce ƙima kafin can gaba ya ƙoshi. A cikin furoton wannan zarcewar tana cike giɓin da cunkoso ke jawowa, shi ya sa yake ba da amsa kusa da daidai, har ya ɗan ɗara. Sa'a ce, kurakurai biyu ne suka kashe juna. Ƙaninsa mai maganiziyom da tagulla da fosfaras ya fi shi jin radiyeshin ninkin-ba-ninkin, abin so ne wajen auna ɗan ƙaramin adadi, amma ba shi da waccan zarcewar, don haka tun a furoton yake fara rage mudu. Alminiyom oksaid ma yana ƙoshi da wuri. Wato wanda ya fi kunne shi ya fi saurin kurumcewa in aka yi masa tsawa.

Ga kuma matsalar kauri, wadda ake yawan mantawa. Litiyom fuloraid ya fi ruwa nauyi sau biyu da rabi da ɗoriya, don haka ƙwaya mai kaurin milimita 0.9 tamkar ruwa milimita biyu ce a wurin furoton. A gashin ido, inda adadi ke faɗowa daga sama zuwa kusan sifiri cikin milimita ɗaya ko biyu, gaban ƙwayar yana cikin ƙololuwa, bayanta ya riga ya fita. Abin da za ta ba ka matsakaici ne na wurare biyu da ba su da haɗi.

Hanyar gyara ta farko a bayyane take: a lissafa cunkoson a kwamfuta, a ninka karatun da adadin gyara. Ana yin haka, kuma yana aiki. Sai dai akwai ɗan zagaye a ciki da ba ya kwanta mini. An sa ƙwayar ne don ta binciki lissafin kwamfuta, sai ga shi tana buƙatar lissafin kwamfutar kafin ta yi magana. A kabon abin ya fi rikicewa, domin wasu ƙwayoyin kabon suna karo da atam na jiki su farfashe zuwa boron, hiliyom, furoton da sauransu. Waɗannan gutsattsarin sun fi uwarsu nisan tafiya, su ke barin wutsiya a bayan ƙololuwa. A kowane wuri, to, taron ƙwayoyi ne iri-iri, kuma biyu masu LET ɗaya amma jinsi daban ba sa ba da haske ɗaya, saboda faɗin sawunsu ya bambanta.

Hanya ta biyu ita ce ta fi burge ni, don ta mayar da aibin ya zama shaida. Mu koma kan zanen tuddan nan. An lura cewa in cunkoso ya ƙaru, tuddan da ke can wajen zafi mai yawa suna girma in aka kwatanta su da babban tudun digiri 200. Masana a cibiyar atam ta Biyana ta Ostiriya suka mayar da wannan rabo ma'aunin cunkoso, har aka yi amfani da shi a tashoshin sararin samaniya. Alminiyom oksaid ma yana da nasa: ban da shuɗin haskensa, yana fitar da wani da ya wuce shuɗi, wanda ido ba ya gani, kuma rabon da ke tsakanin biyun yana canzawa da cunkoso. Gabriel Sawakuchi da Eduardo Yukihara suna cikin waɗanda suka nuna haka a furoton. Ƙwaya ɗaya, karatu biyu: launin hasken ya faɗi ko yayyafi ne ko indararo, sannan a gyara yawan hasken da wannan bayani. Dabarar tana da iyaka, domin a cunkoso mai yawa rabon yana daina motsi, shi ya sa ta fi dacewa da furoton da hiliyom a kan ƙololuwar kabon.

Me ya sa ake wannan wahala a kan cunkoso, ban da gyaran lissafi? Saboda naman mutum ma yana jin bambancin yayyafi da indararo, sai dai a akasin kiristal. Cunkoso yana tsinka zaren gado gida biyu a wuri ɗaya, ƙwayar halitta ta kasa ɗinkewa. Inda kiristal ke rage haske, nan nama ya fi jin jiki. A asibitoci ana ɗaukar gire ɗaya na furoton daidai da 1.1 na ekisire a ko'ina, amma gwaje-gwajen ƙwayoyin halitta sun nuna adadin yana haurawa a ƙarshen tafiya, kuma sau da yawa a wannan bakin ne gaɓar da ake son karewa take, kamar tushen ƙwaƙwalwar yaro. A kabon ƙarfin kan ninka biyu zuwa uku ko fiye, kuma Japan da Turai ba da dabara ɗaya suke lissafa shi ba, har ta kai adadin da aka rubuta a Chiba ba a ɗaukarsa kai tsaye a Heidelberg sai an fassara.

Wurin da waɗannan ƙwayoyi ba su da kishiya shi ne binciken waje. Tun 1969 Hukumar Makamashin Nukiliya da Hukumar Lafiya ta Duniya suke aika su ta gidan waya zuwa asibitocin gashi na ƙasashe masu tasowa, asibiti ya haska musu adadin da aka ce, ya mayar, a karanta a Seibersdorf kusa da Biyana a gani ko injinsa na faɗin gaskiya. A fannin furoton, wata cibiya da ke asibitin MD Anderson a Houston tana aika mutum-mutumin kai ko ƙirji ko ƙugu, da ƙarin bogi a ciki da garin litiyom fuloraid a ɓoye. Cibiyar da ake bincika ta ɗauki hotonsa, ta tsara masa gashi, ta harba, kamar mara lafiya na gaske. Sai ta ci wannan jarrabawa kafin a yarda ta sa marasa lafiya cikin manyan gwaje-gwajen magani.

Akwai kuma nutiron, ƙwayoyi marasa caji daga tsakiyar atam, ɓarayin da furoton ke tayarwa in ya daki ƙarfen injin ko naman jiki. Su ba sa tsayawa a ƙololuwa, suna yawo har gaɓoɓi masu nisa, abin damuwa musamman ga yaran da ke da shekaru sittin a gaba. Litiyom iri biyu ne, mai nauyi 6 da mai nauyi 7. Na shida yana cafke nutiron mai sanyin gudu ya fashe, na bakwai kusan bai san ana yi ba. A ajiye su kafaɗa da kafaɗa, bambancin haskensu ya tona asirin nutiron. Sabuwar dabarar nan ta harba duk adadin cikin ƙiftawar ido, gire 40 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, wadda aka fara gwada ta da furoton a jikin mutane a Cincinnati a 2020, ita ma ta dawo da martabar kiristal. A wannan gudun cajin da ke cikin kurtun iska kan haɗe da juna kafin a ƙirga shi, tarkon kiristal kuwa bai cika damuwa da saurin da aka cika shi ba.

Reshe mafi ƙanƙanta na wannan dangi ya daina tara haske a dunƙule. Alminiyom oksaid ne da aka ƙara wa maganiziyom, ana duba shi ƙarƙashin madubin ƙara girma mai jan leza, zurfi bayan zurfi. Kowace ƙwaya da ta ratsa tana barin ɗigo mai ƙyalli, in aka haɗa hotunan sai sawunta ya fito a tsaye cikin kiristal kamar zare. Ana ƙirga su ɗai-ɗai, hasken kowane sawu kuma yana nuna cunkosonsa, har a bambance uwar kabon da gutsattsarinta. A cibiyar binciken ciwon daji ta Jamus da ke Heidelberg an shuka ƙwayoyin ƙari masu rai a saman irin wannan kiristal, aka harba musu kabon, sannan aka ɗauki hoton sama da ƙasa da madubi ɗaya: a sama tabon da ke nuna inda zaren gado ya tsinke a cikin ƙwayar halitta, a ƙarƙashinsa kuma sawun ƙwayar kabon ɗin da ta tsinka shi.